Kada Ku Yi Saurin Danna Fomat

Cikin saƙonnin da suka taru mana a 'yan makonnin nan akwai guda uku da suka zo da kuka iri ɗaya, kuma duk daga yammacin Kano suka fito. Na farko wani ɗan ajin ƙarshe ne daga Yammedi a ƙaramar hukumar Karaye. Ya ce wayarsa ta wayi gari tana rubuto masa cewa memorinsa ya lalace, sai an yi masa fomat, alhali a ciki yake da tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO na shekaru da dama, da hotunan darussan da ya ɗauka daga littafin abokinsa lokacin da ya yi jinya, da muryar malaminsu na lissafi da ya naɗa. Ta biyu wata ƙanwarmu ce daga cikin garin Karaye, wadda ƙaninta ya ɗauki waya yana wasa ya goge foldar hotunan bikin yayarsu kaf, ga shi babu mai irinsu a gidan. Na uku daga Zarewa ta ƙasar Rogo yake. Ya kai memori wurin mai turi ranar kasuwa a zuba masa karatu, ya dawo gida ya tarar foldojinsa sun yi ɓatan dabo, amma waya tana nuna katin a cike yake.

Wanda ya tashi a birni, inda sabis yake cika ya batse kuma ake sayen data ba tare da dogon lissafi ba, zai iya cewa ai sai a sake saukewa. Mu da muka san yadda ake hawa tudu ko a raɓa gindin wata bishiya kafin saƙon WhatsApp ya tafi, mun san wannan ɗan katin da bai kai farcen babban yatsa ba shi ne laburaren ɗalibi, shi ne akwatin hotunan gida, wani lokaci ma shi ne wurin ajiyar takardar JAMB da ta NIN. Da yawa daga cikinku wayar ma ba taku ba ce, ta Yaya ce ko ta Umma, katin ne kawai naku. To bari mu ɗauki maganar da muhimmancin da ta cancanta.

Kafin komai, ga abin da muke so ku riƙe ko da nan za ku tsaya da karatu: da zarar kun lura wani abu ya ɓace, ku kashe wayar, ku zare katin, ku naɗe shi a takarda ku ajiye. Kada a ɗauki hoto ko ɗaya, kada a karɓi waƙa ko ɗaya ta Xender ko Bluetooth, kada kuma a amsa wa waya da "to" idan ta nemi a yi fomat. Dalilin haka sai mun ɗan leƙa cikin katin za ku gane shi.

Ku ɗauki memori kamar sito ne na ajiyar hatsi. A ciki akwai ɗaruruwan buhuna jere, a bakin ƙofa kuma akwai littafin mai sito, inda aka rubuta cewa buhun masarar wane yana layi na kaza, na waken wance yana kusurwa kaza. Buhunan su ne fayilolinku, littafin kuma shi ne abin da masana kwamfuta ke kira FAT. Katunan da ba su wuce GB 32 ba yawanci da tsarin FAT32 suke zuwa, waɗanda suka haura haka kuma da ƙaninsa exFAT. Duk sanda ka buɗe hoto, waya ba ta bin buhuna ɗaya bayan ɗaya, littafin take dubawa ya gaya mata inda za ta nufa.

To idan ka danna gogewa, waya ba ta ɗauke buhun ta fitar da shi waje. Wannan aiki ne mai cin lokaci. Abin da take yi shi ne ta soke sunan a littafi, ta rubuta cewa wurin nan babu kowa, duk mai sabon kaya yana iya ajiyewa. A tsarin FAT32 harafin farko na sunan fayil ɗin ake maye gurbinsa da wata alama, shi ya sa wani lokaci idan aka dawo da fayil za a ga sunansa da giɓi a farko. Buhun kuwa yana nan zaune daram, har ranar da aka shigo da sabon kaya aka ɗora a wurinsa. Ranar da hakan ta faru, to ya tafi ke nan, babu injiniyan Farm Centre ko na Beirut Road, kai ko na ƙasar Sin, da zai dawo da shi. Kun ga ke nan hoto guda da aka ɗauka bayan gogewa yana iya sauka daidai kan hoton amarya. Kuma waya ba ta jiran izininku kafin ta yi rubutu a kati. Manhajoji suna ajiye 'yan tarkacensu a ciki ba ku sani ba, muddin katin yana cikin waya kuma tana kunne.

Haka ma saƙon nan na "kati ya lalace". Galibi littafin bakin ƙofa ne ya yage, ba sito ne ya ƙone ba. Yakan yage ne idan aka katse waya tana tsakiyar rubutu: an zare kati ba a sallame shi ba, ko caji ya ƙare ana naɗar bidiyo, ko waya ta faɗi batir ya yi tsalle gefe, kamar yadda ƙananan wayoyinmu masu madannai suka saba. Waya ta duba littafi ta kasa karantawa, sai ta ba da shawarar da ta fi mata sauƙi, wato a kawo sabon littafi fari fat. Fomat ke nan. A kwamfuta, fomat na gaggawa littafin kawai yake canzawa, ana iya samo kaya da yawa bayansa. A wayoyin Android kuwa, da yawansu kafin su yi fomat sukan umarci katin ya saki duk abin da ke cikinsa, kuma bayan wannan da wuya a tsinci komai. Shi ya sa muke roƙon ɗan'uwanmu na Yammedi da ya ɗauke yatsansa daga wurin.

Yanzu a fara da abin da ba ya cin ko kwabo. Ku juya katin ku dubi 'yan layukan nan masu ruwan zinare. Ƙurar hunturu da zufar hannu suna toshe su, sai waya ta riƙa ganin kati yau, gobe ta ce babu. A goge su a hankali da busasshen ƙyalle mai laushi ko magogin fensir, a hure. Ban da lasa da harshe, ban da fetur, ban da kankarewa da reza, duk mun ga ana yi. Idan ruwa ya faɗa, ko da a bakin dam ɗin Challawa ne, ba lallai ya mutu ba, irin waɗannan katunan suna jure ruwa fiye da wayar kanta. A bar shi ya bushe sarai a inuwa kafin a sa shi a komai. Sannan a gwada shi a wata na'urar daban, don sau da yawa ramin katin ne a waya ya saki, katin lafiyarsa ƙalau. In da hali, gwajin a yi shi a kwamfuta, domin wata wayar ma za ta iya yi masa rubutu.

Ƙanwarmu ta Karaye kuma, kafin ki tada hankalin gida, ki duba kwandon shara. Manhajojin hotuna na yanzu da yawa ba sa gogewa nan take. Galari na Samsung yana riƙe abin da aka goge kwana 30, haka ma manhajar Files ta Google, ita kuma Google Photos tana riƙe hoton da aka riga aka ɗora a intanet har kwana 60. Idan suna can, danna guda ya wadatar. Akwai kuma wani ɗan fayil mai suna .nomedia, wanda babu komai a cikinsa, amma duk foldar da ya shiga sai galari ya daina nuna hotunanta. A buɗe manhajar fayiloli, a kunna nuna ɓoyayyun fayiloli, in an gan shi a foldar a cire shi. Sannan ki tambayi ƙawayen amarya da 'yan uwa. Hoton biki ba ya zama a waya ɗaya, abin da aka tura wa mutum biyar ya fi sauƙin dawowa ta hannunsu.

Wani wurin da ake mantawa da shi shi ne wata folda mai suna LOST.DIR. Da yawanku kun sha ganinta, wataƙila ma kun goge ta kuna zaton shara ce. Idan wayar Android ta kunnu ta tarar littafin kati ya hargitse, takan tattara buhunan da ba ta san mai su ba ta zuba a can, ta sa musu lambobi zalla a matsayin suna. Ba sa buɗuwa saboda wutsiyar sunansu ta ɓace, wato 'yan haruffan ƙarshe da ke gaya wa waya wane irin fayil ne. Sai a kwafe su zuwa wani wuri, a riƙa ƙara musu wutsiya ana gwadawa: .jpg na hoto, .mp3 na sauti, .mp4 na bidiyo, .pdf na takarda. Nauyin fayil yana taimakawa wajen canka. Mai MB 2 ko 3 ya fi kama da hoto, mai ɗaruruwan MB kuwa da wuya in ba bidiyo ba ne. Aiki ne na haƙuri, amma muna da abokan karatu a jami'a da suka tsinci rabin littattafansu a nan.

Idan duk wannan bai yi ba, sai kwamfuta. Mun san ba kowane gida ke da ita ba, amma a cikin Karaye da Rogo ba a rasa shagon buga takardu, ko wani malami ko ɗan hidimar ƙasa mai laftop. Ai a Kusalla sansanin masu hidimar ƙasa na jihar Kano yake, ba baƙinku ba ne. Ana buƙatar abin karanta kati, wanda masu sayar da kayan waya ke kira kad-rida, a zura katin a ciki a soka a kwamfuta. Haɗa wayar da igiya ba zai yi ba, domin wayoyin Android na yanzu ba sa barin kwamfuta ta ga cikin sito kai tsaye, abin da ke littafi kawai suke miƙa mata. Idan Windows ma ta nemi a yi fomat, a ce mata a'a. In kuma katin ya buɗu, aikin farko shi ne kwashe duk abin da ake gani zuwa kwamfutar, a fara da mafi muhimmanci, don kati mai ciwo yana iya buɗuwa sau ɗaya ya ƙi na biyu.

Manhajojin ceto suna da yawa, amma biyu muke ambata muku saboda kyauta ne kuma an daɗe ana amfani da su. Recuva, ta kamfanin Piriform na Ingila, ita ta fi sauƙin sha'ani ga wanda ya goge abu bisa kuskure. Tana bin littafin tana duba sunayen da aka soke, ta jero su da alamar launi: kore yana nufin akwai kyakkyawan fata, ja kuma an riga an ɗora wani abu a kai. Ɗayar ita ce PhotoRec, wadda wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier ya rubuta, kuma mu ita muka fi yarda da ita idan littafin ne ya yage. Ba ruwanta da littafi sam. Shiga sito take yi ta bi buhuna tun daga ƙofa har bango tana shinshinawa. Kowane irin fayil yana da tambarin da yake farawa da shi. Takardar PDF da haruffan %PDF take buɗewa, hoton JPG kuma da wasu lambobi da ake rubuta su FF D8 FF. Duk inda ta ci karo da tambari sai ta ce ga farkon hoto nan, ta kwaso. Ta san irin fayiloli fiye da 400, kada sunanta ya sa ku zaci hoto kaɗai take nema. Ba ta yin rubutu a kan katin, kuma akwai samfurinta mai suna QPhotoRec da ake sarrafawa da linzami, ga wanda baƙin allo ke ba shi tsoro.

A nan ne mutane suka fi yin ɓarna da hannunsu. Manhajar za ta tambaya ina za ta zuba abin da ta samo. A zaɓi kwamfuta ko filasha, kada a kuskura a zaɓi katin da ake ceto. In an yi haka, kowane fayil da ta samo za ta ɗora shi ne a kan wani da ba ta kai gare shi ba tukuna. Ku sa ido da kanku, don mai shago yana da layin mutane a gabansa, yana iya yin abin da ya fi masa sauri.

Kuma ku rage buri kaɗan. Abin da PhotoRec ta samo ba ya zuwa da sunansa na asali, ba ya zuwa a foldarsa. Za ku ga dubban fayiloli masu suna irin f0012345.jpg sun cakuɗe, har da hotunan da kuka goge shekara biyu da suka wuce kuka manta. Tsincewa sai a ware yini guda. Hotuna da takardu sun fi dawowa lafiya saboda ƙanana ne, a wuri ɗaya suke zaune. Dogon bidiyo kuwa sau da yawa a rarrabe aka ajiye shi, wani yanki nan wani can, kuma littafin da ya san jerin yankunan ya tafi, sai ya dawo rabi ko ya ƙi buɗuwa. Bidiyon da caji ya ƙare ana cikin ɗaukarsa matsalarsa daban ce: waya sai a ƙarshen ɗauka take rubuta jadawalin da ake bi a kunna shi, ba ta samu ta rubuta ba. Akwai wata manhajar kwamfuta mai suna Untrunc da ke iya gyara irinsa, idan aka ba ta lafiyayyen bidiyo da aka ɗauka da wannan wayar ta kwaikwaya.

Za ku ji wasu sun ce a buga chkdsk kawai. Umarni ne na Windows da ke ɗinke littafin da ya yage, kuma yana aiki. Sai dai ɗinkin a jikin katin yake yinsa, abin da bai gane ba kuma ya yanke shi ya jefa a wata folda mai suna FOUND.000. Garin neman gira ana iya rasa ido. A fara kwashe kaya, gyara ya biyo baya. Su kuma manhajojin waya da ke cika Play Store da alƙawarin dawo da komai cikin minti ɗaya, yawancinsu ƙananan kwafin hotuna da galari ya ajiye suke tattaro muku, masu dishi-dishi, tare da talla ba iyaka. Hatta DiskDigger, da ta fi suna a cikinsu, ta faɗa da bakinta cewa iyakarta ke nan a wayar da ba a fasa tsaronta ba. In babu komai, hoto mai dishi-dishi ya fi babu, amma kada wani ya karɓi kuɗinku a kan haka.

Shi kuwa ɗan'uwanmu na Zarewa, nasa ya fi na kowa sauƙi, in dai abin da muke zato ne. Kwamfutar mai turi kati nawa ke shiga cikinta a ranar kasuwa guda? Akwai wani tsohon bairos da ke yawo a irin waɗannan kwamfutoci, wanda ba ya goge komai. Ɓoye foldoji yake yi, ko ya tura su cikin wata folda marar suna, sannan ya ajiye gumakansu masu wutsiyar .lnk a wurinsu. Shi ya sa kati ke nuna a cike. Kada a danna gumakan a kwamfuta, dannawar ce ke tada bairos ɗin. Sau da yawa manhajar fayiloli ta wayar Android tana ganin foldojin, domin ba ta kula da irin ɓoyon Windows. In ba haka ba, a sami kwamfuta mai tsabta mai maganin bairos, a danna madannin Windows tare da R, a rubuta cmd, sannan a buga wannan:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Harafin E a canza shi da duk harafin da kwamfuta ta ba katin. Foldojin za su fito fili. A kwashe su, a bar gumakan, sannan a yi wa katin fomat da hujja. Ba muna cewa ku daina zuwa wurin masu turi ba ne, sana'arsu ce kuma suna rage mana tsadar data. Amma wanda ke da hali ya ware kati biyu, ɗaya na zuwa kasuwa, ɗaya na karatu da hotunan gida wanda ba ya shiga kwamfutar kowa.

Akwai wuraren da babu ceto, kuma gara ku ji daga bakinmu kafin ku kashe kuɗin mota zuwa Kano. Na farko shi ne jabun kati, kuma ya yi yawa a kasuwanninmu. Ana ɗaukar kati mai GB 4 ko 8 a yi wa ƙwaƙwalwarsa dabara ya riƙa cewa shi 64 ne ko 128, a buga masa sunan babban kamfani a jiki. Makonnin farko lafiya lau. Da kaya sun wuce ainihin cikinsa, sai sababbin su riƙa hawa kan tsofaffi ko su faɗa rami, suna nan a littafi amma ba sa buɗuwa. Abin da ba a taɓa ajiyewa ba kuwa ba a dawo da shi. Araha ba ta ado: in kuka ga mai 128 a kuɗin mai 8, ku ajiye masa kayansa. Akwai manhajar kwamfuta mai suna H2testw, daga wata mujallar kwamfuta ta Jamus, da ke cika kati da rubutu ta sake karantawa ta faɗi gaskiyar cikinsa. A sabon kati marar komai ake yin gwajin. Wanda ba shi da kwamfuta ya cika sabon katin da finafinai har wuya, ya kashe waya ya kunna, ya buɗe na farko-farko da na ƙarshe-ƙarshe ya gani. Amma kada ku je ku yi rigima da mai shago don kati mai 32 ya nuna 29 da ɗoriya, ko mai 64 ya nuna 59. Wannan bambancin ƙidaya ne, kamfani da 1000 yake lissafi, kwamfuta da 1024. Haka idan fim mai nauyin fiye da GB 4 ya ƙi shiga kati mai FAT32, iyakar tsarin ce, ba ciwo ba.

Na biyu shi ne katin da aka ɗaura wa waya aure. Tun daga Android 6 da ya fito a 2015, wasu wayoyi idan aka sa sabon kati sukan tambaya ko a mai da shi wani ɓangare na cikin waya. In aka amsa, waya tana kulle katin da makullin da ita kaɗai ke riƙe da shi. A wata wayar ko a kwamfuta zai nuna kamar ya lalace, alhali lafiyarsa ƙalau, a mayar da shi wayarsa ya buɗe. Amma in wayar ta mutu, ko aka yi mata wankin da ke mai da ita sabuwa, makullin ya tafi da kayan. Ga ɗalibin da ke yawo da kati tsakanin wayar Yaya da ta Umma, zaɓin ajiya mai cirewa shi ne daidai.

Na uku tsufa ne. Ƙwayoyin ajiyar da ke cikin katin, waɗanda injiniya Fujio Masuoka ya ƙirƙiro irinsu a kamfanin Toshiba na Japan a shekarun 1980, suna da iyakar yawan rubutu da gogewar da za su ɗauka. Kati da yawa idan suka ji sun kusa, sai su kulle kansu: ana karantawa, ba a rubutawa, in ka goge abu ka kashe waya ka kunna sai ka tarar ya dawo. Mutane sukan ce aljanu ne ko bairos. Sallama ce katin yake yi muku cikin mutunci, a kwashe kaya a ranar a nemi wani. Wanda ya tsage kuwa, ko yake ɗaukar zafi da an soka shi, ko babu na'urar da ke ganinsa sam, ya wuce aikin manhaja.

Duk wanda ya sami kayansa, a daren nan ya raba ƙafa. Kowane adireshin Gmail yana da GB 15 kyauta a Google, kuma abubuwan da rashinsu ke sa kuka ba su da nauyi: takardar JAMB, ta NIN, sakamakon jarrabawa, hotunan gida. Ranar da aka shiga gari aka sami sabis mai ƙarfi a ɗora su. Wanda data ta gagara ya tura wa wayar wani ɗan gida ta Xender. Finafinai da waƙoƙi suna nan wurin mai turi ko yaushe. Kuma kafin a zare kati a kashe waya tukuna, ko a shiga saiti a sallame shi.

Saura magana guda, kuma ƙannenmu mata muke so su fi kasa kunne. Duk abin da muka bayyana a sama yana da baya. In har ke za ki iya dawo da hoton da aka goge, to wanda katinki ya faɗa hannunsa shi ma zai iya. Hoton da kika ɗauka a ɗaki ba lulluɓi kika goge, ko hoton takardar da ke ɗauke da lambar NIN ta Baba, suna nan kwance a sito. Don haka idan za a kai waya gyara a zare kati da layi tun a gida. Idan katin ne za a kai ceto, a tafi da Yaya ko wani babba, a tsaya a kai har a gama, a karɓi kayan a filasha, a ga an goge kwafin da ya rage a kwamfutar shagon har cikin kwandon shararta. Yawancin masu gyara mutanen kirki ne masu neman halal, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga na'urar mutum a kwashi bayanansa ba da izini ba. Sai dai hoton da ya riga ya zaga wayoyin gari, kotu ba ta tattaro shi.

Haka in za a sayar da kati, ko a ba wa ƙawa kyauta, gogewa da fomat na gaggawa ba su isa ba. A kwamfuta a cire alamar gaggawar a yi cikakken fomat, domin tun daga Windows Vista irin wannan yana bin katin gaba ɗaya yana rubuta sifili a kan komai. Zai ɗauki lokaci, a bar shi ya gama. Wanda ba shi da kwamfuta ya goge komai, ya cika katin taf da dogayen karatuttuka ko finafinai har ya ƙi karɓar ƙari, sannan ya sake gogewa.

Masu tambaya a kan wayar da ke cewa cikinta ya cika alhali babu komai a galari, mun ga saƙonninku, da su za mu fara a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.